Matar da Ta Kafa Jan Fegi a Filin Mijinta

Shekara da shekaru, kowace safiya a garinmu na Barwinda, kafin in gama ɗora tukunyar shayin farko a shagona, tsohuwar a-kori-kurar Glenys Dowd ta riga ta tsaya a ƙofar laburare tana tari. Glenys za ta sauko a hankali, ƙafar dama tukuna, don ta hagun ta daɗe da daina jin magana. A bayan motar akwai kula cike da kwalabe, da guduma, da damin fegi da ta shafa wa jan fenti. Sai ta tsaya gaban babbar tagar laburaren, ta goge gilashin da hannun riga, ta ƙura wa taswirar garin da ke manne a ciki ido kamar ba ita ta manna ta ba. Daga nan ta tsallako titi ta karɓi shayinta, baƙi ba sukari, ta tambaye ni da wane ruwa na dafa shi.

"Na tanki ne, Glenys. Jiya ma na tanki ne. Shekaranjiya ma haka."

"Na sani, Thelma. Bakina ne ya saba."

A makon jiya ta ajiye aiki. Ƙaramar hukuma ta ba ta agogon bango da katin gaisuwa, aka yanka kek, aka ɗan tafa, kowa ya kama gabansa. Na dawo shago raina a ɓace. Ni ba marubuciya ba ce, shayi nake sayarwa, amma na ga idan na yi shiru to agogon nan shi ke nan abin da garin ya ce da ita. Shi ya sa na ari shafin nan na jaridarmu.

Baƙo zai ce mene ne abin jinjina a ɗiban ruwa a kwalba. To, akwai filin jirgin sama a gefen garin nan, inda aka yi shekara da shekaru ana koyon kashe wutar mai da wata farar kumfa. Kumfar ba ta wasa da wuta, wannan kowa ya shaida. Idan durom-durom ɗinta suka yi ragowa, sai a bai wa 'yan kwana-kwananmu na sa-kai kyauta, su kuwa suka mayar da ita sabulun gida. Da ita suke wanke motar kashe gobara, da ita suke wanke kaskon gashin nama, har kare an yi wa wanka da ita. An ce musu ba ta da wata illa, suka yarda, mu ma muka yarda. Sai daga baya aka zo mana da labarin cewa sinadarin da ke cikinta ba ya ruɓewa. Yana nutsewa cikin ƙasa ya tarar da ruwan rijiya, daga rijiya ya shiga mangwaro da ƙwan kaza da kifin rafi, daga nan ya shiga jinin mutum ya zauna.

Kada ku tambaye ni taro nawa muka yi. Mutane suka riƙa zuwa daga birni da takalma masu sheƙi, suna haska mana hotuna a bango. Sun ce kada mu tayar da hankalinmu. Abin da kawai za mu kiyaye shi ne kada mu sha ruwan rijiyarmu, kada mu ci ƙwan kajinmu, kada mu ci kifin rafinmu, ban da wannan komai lafiya lau. Ni da kaina na tsaya ina kallon mangwaron bayan gidana yana zuba yana ruɓewa, bishiyar da mahaifiyata ta dasa. Kajina kuwa na rabu da su, ba na son tuna yadda. Mun gaji da taro, mun gaji da ɗaukar jarka, mun gaji har da fushin kansa.

Da doka ta zo cewa kowane gari sai ya fito da wuraren da aka taɓa zuba kumfar a fili, kowa ya gani, kuma a riƙa auna rijiyoyi ana sanar da jama'a, sai ma'aikatan ƙaramar hukumarmu duk suka zama masu ciwon baya. Glenys a lokacin mitar ruwa take karantawa gida-gida, ta san kowace ƙofa da kowane kare da sunansa. Aka ɗora mata. Tsarin kuwa mai sauƙin faɗa ne: duk inda aka zuba kumfa, a kafa jan fegi daidai wurin, a kuma sa jan ɗigo a taswirar tagar laburare. Duk rijiyar da aka auna, a rubuta abin da aka samu a gefenta.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da aikin. Mai ɗibar ruwan gwajin nan ba ya shafa man kare ƙunar rana, ba ya sa rigar ruwa, don su ma suna iya ɗauke da irin sinadarin su ɓata gwajin. A wannan ranar tamu ta arewacin Ostireliya, da take gasa mutum ko yana inuwa, Glenys ta yi shekarun nan tana yawo da malafa da rigar auduga kawai. Ku dubi hancinta da bayan hannuwanta, za ku ga inda likita ya yi ta yankewa yana ɗinkewa. Na taɓa ce mata ta shafa mana ko kaɗan ne, wa zai sani? Ta ce kwalbar za ta sani.

Ba wanda ya yi mata maraba. Jan fegi a ƙofarka yana nufin gidanka ba zai sayu ba, ko ka so barin garin ka maƙale ke nan. An rufe mata ƙofa, an sakar mata kare, sai dai karen ya san ta tun tana karanta mita, ya zo yana kaɗa mata wutsiya. Wani manomi a hanyar rafi ya tuge feginsa ya jefa a ruwa. Washegari ta koma da wani, ta gaishe shi, ta ce masa ya yi haƙuri, tana da su da yawa a mota, kuma rafin ma nasa fegin yana nan zuwa.

Sanin inda aka zuba kumfar kuwa ba a takarda yake ba, yana cikin kawunan tsofaffin 'yan kwana-kwana, su kuma ba sa amsa tambayar hukuma. Amma suna son cika baki. Sai Glenys ta riƙa tarar da su da rana a mashaya, ta ja kujera. Babbansu a surutu shi ne Merv, ƙanin mijinta, wanda tun ranar aurenta bai taɓa barin ta ta huta ba.

"Ga matar Yaya mai fentin gari! Yau kuma gidan wa za a kashe wa kasuwa?"

"Naka, in ba ka rufe min baki ba. Tankar man nan da ta kife a gada, an ce ba ka ma je wurin ba, wai kana gida da ciwon ciki."

"Wa ya ce? Wane maƙaryacin? Ni na riƙe mesa ranar! Kumfa har ƙuguna, ta gangara ta bayan shagon taya ta shige kwalbati kamar madara!"

"Bayan shagon taya. To na gode, tsohon banza."

"Kai! Matar nan ta sake yi min wayo."

Da haka taswirar ta yi ta yin ja, yawanci a gefen filin jirgi da hanyar rafi. Ɗaya ɓangaren garin, wato filin wasa da Layin Gangare da ke ƙasansa, fari ne tas. Mutanen birni sun zana da'irar da za a auna, layin yana wajenta da nisa. Har daga wasu unguwanni ake zuwa da jarka ana roƙon ruwa a can, don an ce shi ne mai kyau.

Yanzu sai in gaya muku wane ne Col Dowd, ko da yake ba ɗan garin nan da ke buƙatar a gaya masa. Shi ne mijin Glenys, shi ne kuma shugaban 'yan kwana-kwananmu na sa-kai har ƙarfinsa ya ƙare. Akwai mutanen da ke yawo a garin nan yau don Col ya shiga wuta ya fito da su. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi tun kafin a fara maganar kumfa. Da ya rasu aka sa wa filin wasan sunansa, aka kafa dutse da allon tagulla.

Mu Kirsimeti a tsakiyar zafi take zuwa mana. 'Ya'yanmu suna ganin dusar ƙanƙara a jikin katin gaisuwa, su kuwa ƙasa tana ƙona musu tafin ƙafa. Col ne ya ce ba zai yiwu ba, yaran Barwinda ma sai sun ga tasu. Kowace shekara ranar bikin gari sai ya sa jar rigar Baba Kirsimeti da gemun auduga, gumi na zuba, ya kawo motar kashe gobara saman filin, ya buɗe mesa. Nan da nan filin ya koma fari fat da kumfar nan. Yara su tuɓe riga su faɗa ciki suna ihu, suna yin gemu da ita, suna cusa wa juna a baki. Iyaye muna gefe muna gasa nama muna dariya. Ban taɓa ganin garin nan cikin farin ciki irin na wannan yinin ba, kuma ba na jin zan sake gani. Da aka tashi kafa dutsen tunawa da Col, ba a yi gardamar wuri ba. Daidai inda yake tsayawa da mesa aka kafa.

Da aka tambaye mu ina da ina aka zuba kumfa, ba ƙarya muka yi ba. Gobara muka tuno, da atisaye, da wankin mota. Duk garin nan ba wanda ya kawo Kirsimeti a ransa, don a wurinmu wannan ba aiki ba ne, biki ne.

Wata Disamba Glenys ta kai fure wurin dutsen kamar yadda ta saba. Da tsakar rana sai ga ta a shagona, ba ta ko zauna ba.

"Thelma, in an tashi daga bikin nan, ina dusar take tafiya?"

"Wace dusa? Au, ta Col? Narkewa take yi mana."

"Ta narke ta bi ina?"

Nan take na gane. Filin a karkace yake, kowa ya sani, ƙwallo ma in ta kuɓuce Layin Gangare take nufa. A layin nan kuwa akwai Narelle, 'yar Merv, da cikinta na fari, tana ta ɗirkar ruwan rijiya don unguwarzoma ta ce ta yawaita sha saboda zafi.

Ina so ku fahimci abu ɗaya. Ba wanda ya aike ta. Filin ba ya cikin da'irar da aka ba ta, ba mai tambayarta, ba kuma mai zarginta in ta yi shiru. Da ta ja bakinta, da sunan Col yana nan fes a kan tagullarsa, ita kuma tana nan matar gwarzon gari. Amma da Narelle ta ci gaba da shan ruwan nan har ta haihu, ta kuma dama wa jaririn madara da shi. A ranar Glenys ta cika motarta da jarkokin ruwan tanki, wanda ba daga rijiya yake ba, ta kai wa Narelle, ta ce kada ta ƙara taɓa famfo sai ta ji daga gare ta. Sannan ta bi layin gida-gida da kwalabenta. Da sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji, rijiyoyin layin sun fi wasu na gefen filin jirgi muni.

Da safe ta je kafa fegin. Labari ya riga ta isa, mutane sun taru a bakin filin, ni ma na rufe shago na je. Merv yana tsaye gaban dutsen ya harɗe hannuwa.

"Kafa shi a bakin titi, Glenys. Ko can ƙasan gangaren. Ja ai ja ne, ko'ina aka sa shi."

"Inda aka zuba ake kafawa, Merv. Haka na yi wa kowa a garin nan."

"Wannan ba kowa ba ne! Mutumin nan ya mutu. Ki bar shi ya kwanta."

"Rabin rayuwata na yi da shi a ɗaki ɗaya, ba sai ka gabatar min da shi ba."

"To me kike so yara su ce in sun zo wasa? Ga wanda ya sa wa gari guba? Don su ya yi! Ba a gaya masa ba!"

"Na sani. Ni nake ɗinke masa gemun duk shekara."

"Mun yi wanka da abin nan, mun sha shi, ga mu nan da ranmu."

"Ga ka nan. Ina yayan naka?" Sai muryarta ta sauka. "Ban ce kumfar ce ta kashe shi ba, Merv. Ba wanda zai iya rantsewa. Amma ni ba zan iya rantsewa ba ita ba ce, kuma jikanka ne a cikin yarinyar can."

Merv ya matsa gefe. Glenys ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mara lafiya, ta dafa fegin a gindin dutsen, ta ɗaga guduma. Ƙasar ta bushe ƙamas, fegin ya yi ta zamewa yana faɗuwa. Muna tsaye cirko-cirko. Sai Narelle ta ratso mutane da cikinta a gaba, ta tsuguna da ƙyar, ta riƙe fegin da hannu biyu ta ce, "Buga, Gwaggo. Ki dai kula da yatsuna." Glenys tana bugawa hawaye na bin tabon hancinta. Merv ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Tun daga ranar bai sake kiranta matar Yaya ba. In sun haɗu a titi sai ya taɓa hularsa ya ce "Misis Dowd," kamar baƙuwa. Na ga yadda hakan yake sukar ta, ya fi duk ƙofofin da aka rufe mata. Wasu ma da ba su taɓa riƙe mesa ba suka ɗauki fushin suka yafa, suka ce ta tona wa mamaci asiri. Aka rufe rijiyoyin Layin Gangare, tankar ruwa ta fara zuwa musu. Narelle ta haifi 'yarta Kirra, ga ta nan yanzu tana gudu a layin. Likitoci ba sa yi wa kowa alkawari a kan abin nan, amma dai yarinyar ba ta taɓa kurɓar ruwan rijiyar ba.

Ɗan Glenys ɗaya ne, Darren, yana aiki a birni. Ita ta matsa masa ya je gwajin jini, sakamakon kuwa bai yi daɗi ba. Lafiyarsa ƙalau a yanzu, sai dai jira da zullumi. Ranar da ta ji, ta zauna a shagona shayinta ya huce a gabanta. Abin da kawai ta ce shi ne, "Tsoron kumfar yake yi yana ƙarami, Thelma. Ni na tuɓe masa riga na tura shi ciki." Bayan ta faɗi haka ta tashi ta tafi ɗibar ruwa a hanyar rafi, don ranar zagayen can ce.

Glenys, ke ce kika shiga kowane gida da labarin da ba a son ji, kika kuma fara da sallama. Ke ce rana ta cinye wa fata don kada kwalba ta yi ƙarya. Mai jan fegi, wadda ba ta da fegi biyu, ɗaya na bare ɗaya na gida. Kin auna mijinki da ma'aunin da kika auna manomin hanyar rafi, alhali kina son mutumin nan har gobe, kowa ya sani. Ba ki tsabtace mana ruwa ba, wannan ya fi ƙarfinki, an ce ya fi ƙarfin jikokinmu ma. Amma saboda ke, uwa a garin nan tana iya tsayawa gaban tagar laburare ta san famfon da za ta hana ɗanta. Mun gode. Mun makara da faɗa, kuma wasunmu har yanzu bakinsu ya ƙi buɗuwa, amma mun gode.

Ku kuma sauran, ku ji ni. Har yanzu da nake rubutun nan ba wanda ya nemi aikin da ta bari. Taswirar tana koɗewa a taga, fegi yana buƙatar fenti duk shekara, akwai rijiyoyin da lokacin sake auna su ya yi. Na san kun gaji, ni ma na gaji. Amma in kana da gwiwa biyu masu lafiya, gudumar tana ofishin ƙaramar hukuma. In kuma kai tsoho ne da ya taɓa zuba abin nan a bayan rumbu ko a gindin bishiya, je ka faɗa, ba wanda zai kama ka. Wani yana shan ruwan da ke ƙasan wurin.

Kowace Disamba Glenys takan je filin da bokiti ɗaya, fure a ciki da gwangwanin jan fenti. Ta ajiye wa Col furensa, ta sabunta fegin. Bana gwiwar ta ƙi durƙusawa sam, amma shekaranjiya ta ɗauki bokitin ta tafi. Ba ta jima ba ta dawo, gwangwanin ko buɗe shi ba ta yi ba. Ta ce ta tarar an riga an shafa, fentin ko bushewa bai yi ba, ya ɗiga a ciyawa har ya taɓa gefen dutsen. "Ko wane ne, bai iya fenti ba," in ji ta, ta shanye shayinta ta tafi gida.

Tana fita ba da daɗewa ba Merv ya shigo. Ya zauna a kujerar da ta tashi, ya ɗora hannuwansa a kan tebur, duk gefen faratansa ja. Na yi kamar ban gani ba. Na kawo masa shayi, ya daɗe yana kallon kofin bai sha ba.

"Thelma, da wane ruwa kika dafa wannan?"

"Na tanki ne, Merv."